Ɗorawar Gwaggo Mero

A gidan Amadu na Gidan Rumji ba wanda ya taɓa zagin Gwaggo Mero, wannan kam sai a faɗi gaskiya. Ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Duk abin da aka yi mata da dariya aka yi shi, ita ma tana taya su, don Allah ya yi ta mace mai barkwanci, irin wadda ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta yi ta cizon leɓe kafin ta fito lafiya. Ƙanwar uban Amadu ce. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, sai ɗorawa uku da ubanta ya bar mata a tsakiyar gandu. A ƙasar nan gona daban, itace daban. Ƙasa ta maigida ce, amma ɗorawa ta wanda aka ba ce muddin tana da rai. Mero har suna ta raɗa musu: Babba, Gurguwa da Auta. Da kalwarsu take yin daddawa, ta kai kasuwar Cadakori, ta sayo gishirinta da goronta da zanenta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga ta ƙasa, kan kowa ya ɗau zafi da murna. Gyaɗa ta yi daraja. Amadu ya sayi keke, ya sayi rediyo, ya koyi cewa "wi, wi" irin ta Faransawa ko da akuya yake magana. Ana cikin haka malamin gona ya zo da garmar shanu ya gwada a bakin gari, mutane suka ga aikin ƙato goma ya ƙare kafin hantsi. Ya ce gwamnati za ta ba duk mai so, amma sai wanda ya share gonarsa tas, ba kututture ba inuwa, don shanu su miƙe layi.

Amadu ya dawo gida yana rawar kafaɗa, ya tsuguna gaban gwaggonsa tana ɓarzar kalwa.

"Gwaggo, ɗiyan nan naki sun tsaya wa zamani a hanya. Ki bari mu kwantar da su."

"Zamanin gurgu ne da ba shi iya kewaye itace?" in ji Mero. "Ni mai ƙafa biyu kewayewa nike, balle saniya mai huɗu."

Gida ya ɗauke da dariya. Amadu ya yi ta yi har da riƙe ciki, ya ce shi ke nan, Gwaggo ta kayar da shi. Dama ko ta yarda, gardin daji ba ya barin a sa gatari ga ɗanyar ɗorawa. Busasshiya kaɗai ake yarda a sare.

Bazarar da ta biyo, Babba da Gurguwa suka yi 'ya'yan da tun Mero na budurwa ba ta ga irinsu ba. Rassa har suna lanƙwasa. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta taka rawa tsakiyar gona ba kiɗa, tana cewa ashe 'yancin kan nan har itatuwa ya kai. Ta yi daddawa ta sayar, ta yi kyauta, ta daɓe ɗakinta da makuba yana ƙyalli. Sai da ruwa ya sauka, ko'ina ya yi kore, ganyen itatuwan nan biyu ya soma yin rawaya yana zuba. Mero ta zagaya su ta sake zagayawa, ta duba jikinsu daga inda idonta ya kai har ƙasa, ba sara ba ƙuna. Ta kai musu fura ta zuba a gindi, ta yi sadakar waina. Kafin a yanke gero sun bushe ƙayau.

"Itace ma tsufa shikai, Gwaggo," in ji Amadu, yana girgiza kai.

Matarsa Hadiza ta ce haihuwar ce ta yi musu yawa, ko mace ta yi haka sai ta kwanta. Wani maƙwabci ya ce ƙarar rediyo ce ta kori iskokin itacen, suka tafi da ransa. Mero tana share hawaye da gefen zane ta ce to a kashe rediyon mana kafin ya busar da ita ma, aka sake fashewa da dariya. Gardi ya zo ya ƙwanƙwasa da sanda ya ce matattu ne. A yini guda aka kayar, aka tone kututturan aka cinna musu wuta, motar wani mai gashin burodi ta zo daga Maraɗi ta kwashe itacen. Da yamma Amadu ya aiko wa Mero ɗan ƙullin goro, wai na ta'aziyya.

Daga nan sana'a ta karye. Auta ita kaɗai ba ta isa ta riƙe mutum shekara ba. Mero ta daina zuwa Cadakori, tukunyarta ta kife, ta koma jiran ƙwaryar Hadiza. Tuwon da ake aiko mata kuwa, yaro mai rarrafe ma sai ya nemi ƙari. In an yi magana Hadiza ta ce ai cikin tsofaffi ba ya son nauyi, tausayinta ake ji. Da aka roro gyaɗa buhuna suka rasa wuri, Amadu ya leƙa ɗakinta ya yaba daɓen nan, ya ce ba ɗakin da ya kai shi tsabta a gidan, gara ba za ta taɓa shiga ba. Aka jibge buhuna har rufi, aka bar mata gurbin tabarma. Ya ce ga ta nan ta zama sarauniyar gyaɗa, duk arzikin gida a ƙarƙashin kanta yake kwana. Mero ta yi dariya ta ce sarauniyar da ɓeraye ke yi wa fadanci. Abin yana yi mata ciwo, ciwo ƙwarai, amma ta saba in ta buɗe baki wasa ne ke fitowa.

Mutum guda ke zama da ita a gidan, Suwaiba ɗiyar Amadu. Tana ajin ƙarshe a lakol, makarantar boko, bana za ta zauna jarrabawar satifika, kanta cike da karatu har yana zuba. Zaure rediyo, tsakar gida daka, don haka ƙofar ɗakin Mero ta zama wurin tilawarta. Mero na ce mata Madam. Sharaɗi ɗaya ta kafa mata: duk abin da mushe, malaminsu, ya ɗura mata da Faransanci, ta juye shi da Hausa a ji ko magana ce.

"Yau jini ne," in ji Suwaiba, ta dafa ƙirji. "Zuciya ke tura shi. Ta matsa, ya bi jijiyoyi har ɗan yatsan ƙafa, ya kai ma kowace gaɓa abincinta, ya komo. Ya biya ta huhu ya sha iska, ta sake tura shi. Dare da rana, ko kina barci."

"Ba ta hutu?"

"In ta huta an mutu."

"To wagga baiwar Allah ba a gaya mata an samu 'yanci ba."

Suwaiba ta faɗi a tabarma tana dariya. Kashegari kuma hanji ne, wai in an warware na mutum guda ya kai igiyar guga. Mero ta tafa hannu ta ce yanzu ta gane, shi ya sa tuwon Hadiza ba ya isa ƙasa, a hanya yake ƙarewa. Hadiza na bakin murhu ta ji, ta yi dariya har tana tari, ta ce Gwaggo ba ta da dama. Da dare ƙwaryar ta zo yadda ta saba zuwa.

Da sanyi ya shigo ƙafafun Mero suka kumbura. Itacen girki ya yi nisa, don ba Amadu kaɗai ke son garma ba, gonaki duk an aske su, kuma ita ake turawa tunda ba ta da aikin komi. Takan dawo tana haki, ta zauna ta miƙe ƙafa. Suwaiba ta danna yatsa a ƙaurinta, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta je ta samu ubanta ta ce jinin Gwaggo ya rasa abinci, zuciyarta ta gaji, a kai ta ga likita. Amadu ya ce madalla da ilimi, in an gama awon gyaɗa. Da aka gama awon gyaɗa ya ce in an karɓo garma. Hadiza ta duba ƙafafun ta ce wane ciwo, ƙiba ce, kowa ya yi ƙibar 'yancin kai sai Gwaggo za a hana?

Wata rana Suwaiba ta zo da wani darasin, ta tsaya tsakar gida ta rera shi don uban ya ji. Wai itatuwa ke riƙe ƙasa. In mutane suka sare su, iska ta kwashe ta sama mai albarka, rairayi ya binne shuka, rijiya ta yi zurfi. Amadu yana goge kekensa bai ko ɗago ba.

"Mushenku shi ce a bar itace, malamin gona shi ce a cire. Gwamnati guda ke biyan su. Su tahi su shirya bakinsu, sa'an nan su zo su gaya mani."

Maza biyu da ke zaure suka ce wallahi Amadu ya iya magana.

Sai ga bazara, sai Auta ta yi abin mamaki. Fure jajaye dunƙule-dunƙule suka rufe ta, zuma na kuka a kai tun asuba, kafin a ce me 'ya'ya sun sauko tsefe-tsefe. Mero ta manta da ƙafa. Ta aro manyan tukwane, ta ɗaura ƙugiya a doguwar gora, ta riƙa tafiya gona tana ɗingishi tana waƙa, tana yi wa Auta kirari, ɗiyar ƙarshe mai share hawayen uwa. Ta ce bana da ƙafarta za ta je wurin likita, ta sa ya duba ta da robar nan ta kunne. Ta ce za ta sayi akuya. Ta yi wa Suwaiba alkawarin zane mai hoton tuta in ta ci satifika, ta ce ita ma za ta ɗaura irinsa su shiga kasuwa tare a rasa wace ce Madam. Duk wanda ya gamu da ita a hanya sai ya tsaya, don murnarta kama mutum take yi.

Jarrabawa ta matso. Ranar da za a kawo garma, gida ya cika da masu soya da masu daka, Suwaiba ta rasa inda za ta sa kanta, ta bi Mero gona. Tsohuwa na ƙugiya, yarinya na tsincewa tana tilawa.

"Saura na itatuwa. Saiwa ta sha ruwa a ƙasa, ruwan ya hau ta cikin icen, can tsakiya, har ganye. Ganye shi ne madafa. Rana ta dafa, abincin ya sauko ta ƙarƙashin ɓawo, ya ciyar da jiki duka har saiwa."

"Ashe su ma suna da Hadizarsu a sama," in ji Mero. "Allah sa tana cika ƙwarya."

"Tsaya ki ji. Mushe ya gwada muna a reshen dogon yaro na lakol. Ya sa wuƙa ya zagaye shi, ya ɗaye ɓawon kamar awarwaro. Muka ce gobe shi bushe. Ina! Ya yi ta zama kore, don ruwa na hawa. Har ya fi sauran rassa ɗiya."

"Ya fi su ɗiya?"

"Nesa ba kusa ba. Abincin ne ya rasa hanyar sauka, ya taru a sama. Mushe ya ce in a gindi aka yi haka, itacen shi yi ta ado, saiwa na can ƙasa tana mutuwa da yunwa ba wanda ya gani. In ta mutu, sai duka shi bi."

Mero ta daina ƙugiya. Ta sauke gorar. Ta ɗaga kai ta dubi rassan nan da suka lanƙwasa, irin lanƙwasar da Babba da Gurguwa suka yi. Ɗaye ɓawo ba baƙon abu ba ne gare ta, tun tana yarinya ta san ana kashe itace haka, shi ya sa bara ta duba jikinsu ta sake dubawa. Amma daga ƙasa zuwa sama ta duba. Idonta ya sauka kan tudun rairayin da ke gindin Auta, wanda Amadu ya ce shi ya tara da kaka don ya riƙe mata laima, har ta sa masa albarka.

Ta durƙusa da ƙyar, ta soma tonawa da hannu. Suwaiba ta taya ta da sakaina ba ta san abin da ake nema ba. Ba su kai kamu guda ba suka iske shi. An ɗaye ɓawon faɗin tafin hannu, an zagaye gindin kaf, an shafe da laka an mayar da ƙasa. Icen ya yi fari ya bushe, leɓen sama ya kumbura. Aiki ne na mai haƙuri, wanda ya zauna ya yi shi a natse.

Mero ta shafa wurin da yatsa. "Madam, mushenku ya faɗi magani?"

Suwaiba ta girgiza kai, idonta ya ciko. "Ya ce in an zagaye duka, shi ke nan."

Tun daga nesa suka jiyo kalangu. Garma ta iso, ja, sabuwa, an jingine ta ƙofar gida yara na shafawa. Ga bijimai biyu an ɗaura musu tsumma mai launi a ƙaho. Amadu cikin babbar riga yana zagaya su yana "wi, wi", maroƙi na bin sa. Da jama'a suka hango Mero sai aka buɗa mata hanya ana murmushi tun ba ta ce komi ba, don an san in ta iso biki ya yi daɗi. Ta tsaya gabansa, hannuwanta duk ƙasa.

"Amadu, na tona gindin Auta."

"Kin samu tukunyar azurfa, Gwaggo? A raba da mu."

Aka kwashe da dariya.

"Na ga abin da ka yi mata. Haka ka yi ma Babba da Gurguwa."

Wasu suka ci gaba da dariya suna jiran ƙarshen zancen. Mai kalangu ma ya ɗan kaɗa mata. Amadu ya gyara hula, ya ce gara ce, gara ba abin da ba ta ci. Mero ta ce ba ta taɓa ganin gara mai wuƙa ba, wadda in ta gama ta shafe da laka. Nan ma aka yi dariya, ita kuwa fuskarta ba ta motsa ba. Da ya ga haka sai ya matso, ya sassauta murya, irin ta mai lallashin yaro.

"Haba Gwaggo. Garmar nan ta wa ce? Ta gida ce, ke ma ciki za ki ci. Kin tsufa da hawan kasuwa, hutu muka nema maki. Da na sake tambayarki da kin ƙi, a yi ta ja-in-ja, mutane su ce ba mu da kunya. Wanga hanya ta fi sauƙi ga kowa."

"Kuma ai ba sare ta aka yi ba," in ji Hadiza daga bakin ƙofa, da matankaɗi a hannu. "Ga ta can tsaye. Bana ma wa ya kai ki ɗorawa?"

Mero ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke jinya, da garin ɗorawar Babba ta yi masa ɗanɗano na fari. Ba ta faɗi wannan ba, kowa a wurin ya sani.

"To na ji," ta ce. "Abu guda nika roƙo. In ta faɗi, ka ware mani manyan rassanta ka aje bayan ɗaki. Na rufin kabarina ne. Ba ni da ɗan da za shi shiga daji nema."

Kalangu ya yi shiru. Amadu ya sosa ƙeya, ya dubi bijimansa, ya dubi ƙasa.

"Wallahi Gwaggo da kin faɗi da wuri. Tun da kaka mai burodi ya zo ya gan ta. An riga an gama magana, har rassan."

Tun da kaka. Wato lokacin da take yi wa Auta kirari, tana aron tukwane, tana yi wa yarinya alkawarin zane, itacen sayayye ne, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, sha'anin gida ne, yau ranar farin ciki ce. Maroƙi ya ɗaga murya, kiɗa ya tashi. Mero ta ratsa ta shige ɗakinta, ta zauna tsakanin buhuna.

Irin wannan zalunci ba ya zuwa gaban alƙali. Ba duka, ba zagi, ba kora, kowa ka tambaya sai ya ce ana ji da tsohuwar nan, kullum ana raha da ita. Garma ba ta yi laifi ba, karatu bai yi laifi ba. Mutum ne ya duba gidansa ya zaɓi wadda ba ta da mai tsaya mata, ya san ko ta yi kuka za a ɗauka wasa ne.

Auta ta kai tsakiyar damina kafin ta zubar da ganye. Gardi ya zo ya ƙwanƙwasa, mota ta zo ta kwashe. Suwaiba ta ci satifika aka tura ta Maraɗi, ƙofar ɗakin ta zama ba mai zama. Ba a kai Mero ga likita ba, don shuka ta zo, bayanta noma, bayansa kuma roron gyaɗa. Kumburin ya hau har ciki. Ana tsakiyar roro ta cika, wata safiya, Hadiza ta kai mata kunu ta iske ta.

Da aka gama haƙa kabari, samari suka bazu neman itacen rufi. Suka bi gandun Amadu daga wannan iyaka zuwa waccan, suka shiga na maƙwabta, ko'ina fili fetal, layin garma a miƙe. Suka dawo da 'yan tsirarun sabara da ba su kai kaurin yatsa ba, da damin kara. Liman ya duba, ya ce anya wannan zai ɗauki ƙasa, ko a jira a aika nesa?

"A rufe hakanan, malam," in ji Amadu. "Gwaggo ba ta son a wahala dominta. Da tana gani ma dariya za ta yi."

Aka ce haka ne, Allah ya ji ƙanta. Aka jera karan, aka tura ƙasa, aka shafa fatiha, mutane suka koma gona don rana ta soma zafi.